Muryar Zamalek a Sallar Isha'i

Alƙahira, daren Laraba, Maris 2014

Ɗaliban gidanmu suka tura ni in ja Isha'i, wai muryata ta fi daɗi. A raka'a ta biyu sai na lanƙwasa murya yadda nake yi in ina rera waƙoƙin Turawa irin na R&B a ɓoye a wani gidan abinci da ke unguwar Zamalek. Wallahi baki ne ya saba.

Bayan sallama Malam Sani, shugaban ɗalibai, ya riƙe hannuna a bakin ƙofa. Maganarsa ɗaya ta isa a yanke mini tallafin karatu.

Ya ce, "Bashir, wannan ba tajwidi ba ne. Na san inda ake jin irinsa."

Na so in tambaye shi yadda aka yi ya sani. Da ya ga zan buɗe baki, sai ya sake ni.