Taɓawa Ɗaya, Shafi Biyu

Laraba da dare, unguwar Bolori.

Yau na gano matsalar wasan koyon haruffan da na haɗa wa ajin Yaya Falmata. Yaro ya taɓa allon waya sau ɗaya, sai shafi biyu su wuce. Ashe laburare biyun, wato shiryayyun rubuce-rubucen kwamfuta da na gina manhajar wasan a kansu, na sama da na ƙasa, kowanne yana da tasa hanyar karɓar taɓawa, kuma duka biyun suna amsawa.

Modu abokin aikina ya ce, "Rufe ta ƙasa, ta sama ta isa." Na rufe, ya gyaru.

Yaya ta gwada, sannan ta ce, "Ni kuwa ina ta yi wa yaran faɗa wai garaje suke yi. Gobe zan ba su haƙuri."

Na ce mu je tare.