Jar Fata a Ƙotar Wuƙa

Talata, 9 ga Afrilu, 1985

Maigida tari bai sake shi ba. Ɗiyata Rahmatu lafiya, sai rama. Hajo, uwar maigida, ƙafafunta sun kumbura. Akuya ɗaya ta rage, kwali take ci. Ni lafiya. Yaron kuwa Allah masani. Tun da gero ya ƙone a gona bara ya bi Jibrilla makiyayi kudu da shanunmu, har yau ko saƙon baki. Ɗan farina ne, bakina bai taɓa kiran sunansa ba, haka aka tashe mu, to a nan ma ba ni sa shi. Malamar yaƙi da jahilci ta ce in riƙa rubutu don hannu ya saba. Ga shi ina yi.

Laraba, 10 ga Afrilu

Kalilu, ƙanen maigida, ya shigo yana nuna wuƙar da ya sayo a Bafarawa wurin masu tsofaffin kaya. Ƙarama, mai naɗewa. An rufe ƙotarta da jar fata sabuwa, an ɗinke tsaf. Da ya rufe ta, ta yi ƙas, sai ludayi ya suɓuce mini. Na san wannan ƙarar.

"Yaya, mi ya faru?" in ji shi. Na ce zafi ne. Hajo na zaune a gefe, da wane ido za ni ce ta ɗana ce? Na ce ya ara mini in yanka sabulu.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Na duba wuƙar sosai bayan an tafi masallaci. Ta yaron ta ɗara yatsana na tsakiya, wannan ba ta kai ba, amma an ga alamar tsininta ya karye an sake fiƙewa. Tasa tana da zobe a gindi inda yake ɗaura igiya. Wannan huda ce kawai, ba zobe. Tasa gefe ɗaya na ƙotar ya taɓa fashewa, Ɗanmusa maƙeri ya sa masa ƙahon jar saniyarmu da ta mutu. Wannan fata ta rufe komai. Na latsa, na latsa. Wani lokaci sai in ji kamar gefe ɗaya ya fi tudu, wani lokaci a'a.

Na shinshina ta. Warin majema kawai.

Asabar, 20 ga Afrilu

Na tafi maƙera da fartanya, wai a gyara. Sai da mutane suka watse na fiddo wuƙar. Ɗanmusa ya gaishe ni da sunan yaron, yadda kowa ke yi, na sunkuyar da kai.

Ya ɗaga ta a rana ya daɗe yana kallo. Ya ce irinta daga Maraɗi ake kawo su, kowane makiyayi na da ita. Sannan ya ce, "Hannu biyu sunka riƙe ta. Tsohon washin na bahago ne, sabon na mai dama."

Yaron bahago ne. Duk dukan da ubansa ya yi masa bai sake ba.

Na ce to? Ya ce, "To mi? Bahago guda Allah ya yi a duniya? Ki ɓalle fatar mana, in aikina ne za ni gane shi." Na ce ba tawa ba ce. Ya dube ni, ya miƙo mini ita. Ko ladan fartanya bai karɓa ba.

Litinin, 22 ga Afrilu

Ban ɓalle ba.

Litinin, 6 ga Mayu

Kalilu ya zo aron sungumin yaron, wai ya tanada kafin ruwa. Na hana, mai shi zai zo ya nema. Sai ya ce, "Yaya, sabulun nan naki dutse ne? Har yanzu ana yanka?" Maimakon in rama masa kamar kullum, sai na kau da kai. Ya daina dariya. Ashe ya koma wurin mai kayan tun makon jiya. Wai mai kayan ya ce wani mutumin Burkusuma ya sayar masa da wuƙar. Da ya matsa, sai wai a'a, cikin kayan wasu masu gudun yunwa ta zo. Kowace tambaya da amsarta.

Yana fita ya ce, "Ki riƙe ta, ni ban iya irinta ba." Ƙarya yake. Allah ya saka masa.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ana maganar ganin watan azumi. Na ce ba ni shiga azumi da wannan abu a ƙirji. Da hantsi na sa reza na bi ɗinkin.

Ƙaho ne. Baƙi, da farin layi a tsakiya. Ga ƙusar jan ƙarfe ɗaya da Ɗanmusa ya sa da baƙaƙen suka ƙare masa.

Na kai wa maigida, na ajiye a tabarma. Ya juya ta, ya juya. Ya ce, "Yunwa ce. Ya sayar ya ci tuwo, ai alheri ne, mai rai ke ciniki." Hajo ta ce, "Wanga yaro? Da ko wanka da ita yake shiga?" Sai ta kama bakinta. Rahmatu ta fashe da kuka, ita tana da dama. Ni na shiga madafa, na hura wutar da ba abin ɗorawa.

Abin da ke cina: wa zai rufe ƙaho mai kyau haka da fata, in ba don kada a gane ba?

Alhamis, 6 ga Yuni

Ruwa ya sauka jiya, ƙasa ta jiƙe har tsawon hannu. Maigida da sauƙi. Hajo ta taka har zaure. Rahmatu lafiya. Akuya ta mutu.

Kalilu ya fita shuka da sassafe, na miƙa masa sungumin. Aro ne, don kada ƙota ta bushe ta tsage. Ba wani abu ba. Wuƙar na shafa mata man gyaɗa, na sa a ƙasan kwalla.

Wani direba da ke zuwa kudu ya ce in na ba shi takarda zai riƙa nunawa a tashoshi da kasuwannin shanu. Ya ce amma dole a sa suna, "yaron" ba ya samo kowa. Na gwada a nan tukuna, in ga ko hannu zai yarda.

Lawwali.

Lawwali, wuƙarka ta riga ka zuwa gida. Ba wanda zai tambaye ka shanu. Ka aiko ko da kalma ɗaya kafin ranar Sallah. Ni ce, uwarka.