Kifin Dutsen da Na Kai Aji

Laraba da dare, Kusfa.

Yau na ga mutumin da ya sayar mini da kifin dutsen nan, wai kifin gaske ne na zamanin da da ya zama dutse, ya baza kaya a Ƙofar Galadima. Kifaye jere a kan buhu, kowanne da karyayyar jela irin ta nawa. Ashe siminti ne, zubi ɗaya. Ya ce, "Malam, za a ƙara ne?" Na wuce kawai.

Ni da na gaya wa 'yan ajina kifin ya girmi ganuwar Zazzau nesa ba kusa ba. Ɗalibata Hauwa har ta fara tara duwatsu a gwangwani.

Ba ni da wanda zan gaya wa, malamai dariya za su yi mini. Gobe Hauwa ce za ta riƙe kifin a gaban aji. Na sa shi a jaka, na fitar, na sake mayarwa.