Ni Yake So, Ko Keken Yayana?

Assalamu alaikum Gwaggo Luba,

Don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle, na rasa wanda zan tunkara. Innarmu ba a yi mata irin wannan zancen, ƙawata Baturiya kuwa rabin labarin kawai na ba ta, don cikinta ba ya ajiye magana.

Shekarata goma sha shida, ina aji uku, muna zaune a wani ƙauye a gindin duwatsun Doguwa. Ban iya surutu ba. Ko baƙo ne ya gaishe ni sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da na iya shi ne karanta littattafan soyayya da nake haya ranar kasuwa, in ɓoye su a ƙarƙashin tabarma.

A nan wajenmu duk bayan kaka, idan an gama kai amfani gida, samari kan shirya tseren keke. Ba irin na kan kwalta ba ne. Daga bakin kasuwa ake tashi, a bi burtali, a tsallaka rafi, a hau wani tudu da ake kira Karya-Gwiwa, sannan a gangaro ta cikin duwatsu zuwa filin makaranta. Har daga Tudun Wada da Kiru da Bebeji ana zuwa. Yawancinsu da sun kai Karya-Gwiwa sauka suke su tura, wasu ma su saɓa keken a kafaɗa kamar waɗanda aka aika itace. Yayana Inuwa ne kaɗai ke haye shi bai sauke ƙafa ba. Bara da bara waccan duk shi ya ci, da tsohon baƙin keken Babanmu, wanda ba shi da giya, kariyarsa ta ɗaukar kaya ma da waya aka ɗaure ta.

To akwai wani ɗan Kafin Maiyaki, zan kira shi Surajo. Ba sunansa ba ne, amma wallahi ya yi kama da Surajo. Dogo ne, wankan tarwaɗa, yana da wushirya. Kekensa ɗan gwanjo ne daga Kano, mai giya, mai kaurin taya. Bara shi ya zo na biyu, bayan ya faɗa rafi ya tashi da taɓo har gira yana dariya. Tun daga ranar, duk littafin da na buɗe fuskarsa nake ɗora wa saurayin ciki.

Watan jiya, ranar kasuwa, sai aka ce ana sallama da ni. Gwaggo, shi ne! Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, inda Yaya ke jingine kekensa. A littafi, saurayi cewa yake tun da ya gan ki barci ya ƙaurace wa idonsa. Na sunkuyar da kai ina jira. Can sai na ji ya yi ajiyar zuciya ya ce ikon Allah sai kallo. Na ji wani sanyi har tafin ƙafata. Da na ɗago, ashe yana tsugune gaban keken yana juya feda.

Haka muke tun daga nan. Ya zo da rake, ya zo da sabulu mai ƙamshi, ya gaishe ni da ladabi, sai ya zarce wajen keken. Ya matsa taya, ya leƙa ƙarƙashin sirdi ko akwai laya, ran nan har sansana sarƙar ya yi. Ya taɓa kawo mini adiko mai fure, amma sai da ya fara goge baƙin mai daga hannunsa da shi kafin ya tuna nawa ne. Hirarmu kuwa, me Inuwa yake ci, wane malami ke ba shi rubutu, ƙarfe nawa yake kwanciya.

Kada in zalunce shi dai. Akwai ranar da ya zo Yaya ya tafi Tudun Wada da keken. Na ce yau zai juya, amma sai ya zauna. Shi shiru, ni shiru, tun azahar har aka kira la'asar. Sannan ya ce lallen hannuna ya kama da kyau, ya miƙe da sauri, har ya manta hularsa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Sirrin da yake nema a jikin keke ba ya jikin keke. Gwaggo, ni ce. Makarantarmu tana garin gaba, akwai hanya shimfiɗaɗɗiya, amma Yaya ya ƙi ta. Kullum da safe ta Karya-Gwiwa yake bi, ni ina kan kariya da jakar littattafaina, wani lokacin har da masarar niƙa. Yana haki yana cewa, “Buhuna, riƙe da kyau!” Idan tsere ya matso sai ya riƙa turo mini malmalar tuwonsa, Inna tana sa masa albarka wai yana son ƙanwarsa. Ranar gasa da ba na bayansa, ya ce keken kamar kara yake jin sa. Mutanen gari suna ganinmu, amma a wurinsu yaya ne ke kai ƙanwa makaranta. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in gaya wa kowa.

Bana wani Alhaji mai sayen hatsi ya sa sabon keke mai giya ga wanda ya ci. Yaya ba shi da zance sai nasa, don na Babanmu ya kusa cikawa. Shi kuma Surajo makon jiya ya fito fili, ya ce in har ina ganin mutuncinsa in gaya masa dabarar kafin tsere, kasuwa mai zuwa zai zo jin amsa.

In na faɗa, na ci amanar Yaya. In na ƙi, ina tsoron kada ya ɗauke ƙafa. Ga kunya: 'yan matan littafi duk marasa nauyi ne kamar auduga, iska na kaɗa su in suna tafiya, ni kuwa da wane baki zan ce masa ni ce lodin? Abin da ya fi hana ni sukuni ma, in ya ji ya ce shi ma zai nemi nasa lodin fa? Na bincika, ba shi da ƙanwa. To 'yar wa zai goya?

Baturiya ta ce in sallame shi da ƙarya, in ce Yaya ba ya taɓa birki a gangara. Gwaggo, ni yake so ko keken? Me zan ce masa?

Taki,
Mai Kunya, daga Doguwa.

Wa alaikumus salam, 'yata Mai Kunya.

Na yi dariya har mayafina ya zame, amma na ji damuwarki. Kada ki ji tsoron zai ga wannan shafin. Na san irinsu, shafin wasanni suke karantawa, sauran jaridar su naɗe ƙusoshi a ciki.

Bari in fara da mai haɗari. Shawarar ƙawarki ki zubar da ita tun kafin ki gama karanta layin nan. Yaron da ke sansana sarƙa zai gaskata duk abin da kika ce, ya saki birki a tsakiyar duwatsu. Ƙaryar minti ɗaya tana iya kwantar da ɗan mutane a gaban mai ɗori har damina, in ma abin ya tsaya nan.

Sirrin kuma, ko da yake ke ce, ba naki ba ne. Gumin yayanki ne, ya kuma ba ki amana. In Surajo ya zo, ki ce masa maganar keke ta masu keke ce, ga Inuwa nan, ya tambaye shi. Taƙaitacciyar magana ce, mai kunya ma za ta iya. Ki maimaita ta a gaban randa har bakinki ya saba.

Shin ke yake so? Ban ga zuciyarsa ba. Abu ɗaya bai yi mini daɗi ba: rataya mutuncinsa a wuyanki don ki faɗi abin da aka hana ki. Mai ƙaunarki ba ya sa ki zaɓa tsakaninsa da ɗan uwanki, ki riƙe wannan ko ba a kan Surajo ba. Amma ɗan leƙen asiri ba ya zama daga azahar zuwa la'asar a zauren da babu abin da ya zo leƙa. Ina zaton kunya biyu ce ta haɗu a tabarma ɗaya. Ke kin ɓuya a bayan mayafi, shi ya ɓuya a bayan keke. Samarin littafi sun iya zance ne don wani ya zauna ya rubuta musu. Na gaske sau da yawa lalle kawai suke iya yabawa, su gudu.

Batun nauyi, ki bar 'yan matan auduga a cikin littafi, can iska ba ta da inda za ta kai su. Ke lafiya Allah ya ba ki, ki ci tuwonki. Ki dai ce wa Inuwa in ya ci sabon keken, lodin ma yana da haƙƙi, ko atamfa ce. Inna kuma ki daina raina saninta. Uwar da ake sallama da 'yarta a zaure ta riga ta ƙirga zuwansa. Ki matsa kusa da ita, kuma karatunki ya zama shi ne gaba, shekarunki ba su kai na gaggawa ba.

Ranar tsere ki tsaya a filin makaranta ki yi wa yayanki murna a fili, ba tare da satar kallon kowa ba. Daga nan sai ki zuba ido. In Surajo ya ɓace don kin hana shi dabara, kin yi asarar rake ne kawai. In kuwa ya sha kaye a Karya-Gwiwa, ya karkaɗe wandonsa, kasuwa ta zagayo kika ji sallamarsa a ƙofar gidan wanda ya kayar da shi, to 'yata, ki fito da tabarma mai kyau. Wannan ba keke ne ya kawo shi ba.

Allah ya sauko da su duka lafiya, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.

Gwaggonki,
Luba.