Muryar Baba ta dawo baranda

Belzoni, Mississippi
9 ga Agusta, 1964

Zuwa ga Yaya Lemuel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da iyali a can Chicago. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki. Mu nan da sauƙi, auduga ta fara buɗewa. Mama dai tana nan yadda ka barta, tun Ista ba ta ce wa kowa uffan ba, ni ma kallon baƙuwa take yi mini.

Ranar Talata wasu samari fararen fata biyu suka zo daga New York, wai Baba suke nema, Hosea Tillery mai kiɗan blues. Na ce sun makara da shekara tara, yana kwance bayan coci. Ɗayan har da hawaye, sai ka ce shi Baba ya haifa. Wai ɗalibai a can suna ta koyon yadda yake goga wuyan kwalba a kan tsirkiyar gita, alhali waƙarsa ɗaya tak suka samu. Suka tambayi sauran fayafayan. Yaya, kunya ta kusa kashe ni. Ka san ni na farfasa su da guduma shekarar da na yi baftisma, don fasto ya ce kiɗan Shaiɗan ne, Baba yana zaune yana kallona. A lokacin gani nake na yi abin lada.

Suka kunna waƙar nan ɗaya a akwatin garmaho da suka zo da shi, a baranda. Muryar Baba na tashi, Mama ta ɗago kai ta ce, "Hosea, kai dai ba ka ji! Ajiye wannan abin ka zo, wake na hucewa." Ta yi dariya, har ta kira sunana. Da yamma suka tafi da akwatinsu. Tun ranar kullum tana baranda, tana tambayata me na yi masa ya daina.

Na tuna ka ɓoye faifai ɗaya a jakarka lokacin da za ka tafi. In yana nan, don Allah ka hau jirgin ƙasa ka kawo shi da hannunka, garmahon Anti Verlie yana aiki. Likita ya ce da wuya Mama ta ga Kirsimeti. Zuciyata ta karye, Yaya.

Ka gaida Ardella da yara, da Kawu Prentiss.

Ƙanwarka,
Ozella