Surukata Ta Rufe Filas, Ta Kwashe Mini Iyali

Anti Dikeledi,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani, don matar nan ta kai ni maƙura. Surukata nake nufi, Mma Moloto, uwar matata Boipelo. Ta kwashe mini mata da jaririya zuwa gidanta a Hammanskraal, ta ce ba za su sake taka gidana ba sai na fitar da kayan aikina, na kuma turo kawunnena su ba ta haƙuri. Ni zan ba da haƙuri! Ni da aka yi wa ɓarna.

Ina aikin jan wayoyin sadarwa a Pretoria, muna zaune a Soshanguve. Ba na shan giya, ba na bin mata, ko ƙwallo ba na zaman kallo. Abu ɗaya ne nawa: in haɗa kwamfuta da hannuna, in tura ƙwaƙwalwarta ta yi gudun da masu ƙera ta ba su yi mata mafarkinsa ba, mu gwada maki da mutanen wasu ƙasashe. Gudu yana kawo zafi, zafi yana kashe ta, shi ya sa muke ɗora mata 'yar tukunyar jan ƙarfe muna tsiyaya ruwan naitirojin a ciki. Ruwa ne mai sanyin da in ya zauna a fata sai ya ƙone ta. Abokina Hennie ne ke kawo mini a tanki daga gonarsu ta Brits, inda suke adana irin bijimai da shi. Daga tankin nake zubawa a filas irin na shayi, don da shi ake iya tsiyayawa kaɗan-kaɗan. Kowa a harkar nan haka yake yi, kuma kowa ya san dokar farko: ba a rufe filas ɗin. Ruwan yana komawa iska ba tsayawa, in ka toshe masa hanya sai ya buɗe da kansa.

Da Boipelo ta haihu, Mma ta zo zaman jego, tun daga ranar na zama baƙo a gidana. An gitta sanda a ƙofar ɗakin jego kamar yadda aka saba a wajenmu, alamar ba na shiga, 'yata Warona daga bakin ƙofa nake hango ta. Na haƙura, al'ada ce. Amma Mma ba ta tsaya nan ba. Wai ruwan sama ya hana shanya, sai ta ja igiyoyi a garejina ta cika shi da tsummokaran jariri, suna ɗiga a kan teburin aikina. Ina zan kai kayana in ba kicin ba? Kuma ba ta wuce ni sai ta yar da magana. In ina shafa wa allon kwamfutar basilin don kada zufar sanyi ta shiga ta kashe shi, sai ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Ji wani aiki, namiji da gemunsa yana shafa wa ƙarfe mai kamar gindin jariri. Boipelo, a ina kika tsinto wannan?" Sau ɗaya tak na ɗebi basilin ɗin Warona da nawa ya ƙare, har matan cocinsu sai da suka ji labari.

Ranar Asabar da rana abin ya faru. Na kai ƙwaƙwalwar sanyin da ban taɓa kai ta ba, kuma tana ta gudu lafiya lau. Anti, shekaru na yi ina saye ina sayarwa kafin in dace da mai jure sanyi irinta. Sai Hennie ya danna hon a waje da sabon tanki, na ajiye filas cike a kan tebur, a buɗe yadda ya kamata, na fita buɗe masa ƙofa. Mma ta shigo ta ga farin hayaƙi yana fita daga bakin filas, wai ta ɗauka shayin mai jego ne na bari a buɗe yana hucewa. Na yarda filas ɗina da na shayin Boipelo duk ja ne, tare aka ba mu su kyautar aure. Amma tururin shayi sama yake tashi, wannan kuwa ƙasa yake gangarowa yana bin tebur. Mai ido ba zai gani ba? Ta murɗe murfin tam, ta ɗauka ta kai ɗakin jego ta ajiye kusa da gado.

Muna sauke tanki muka ji ƙara kamar bindiga. Ranar na fara tsallake sandar nan. Murfin ya huda silin, gilashin cikin ya tarwatse ko'ina. Ashe Mma ta ji filas ɗin yana tsaki ta miƙa hannu za ta duba, hannun ya yanke ya kuma ƙone, sai da aka yi mata ɗinki. An kakkaɓe gilasai daga bargon Warona, amma ko ƙwarzane ba ta yi ba, kuka kawai ta yi har muryarta ta dishe. Ni na kai su asibiti a motar Hennie. Kafin in dawo ƙanƙarar jikin tukunyar ta narke, ruwa ya gangara kan allo, kwamfutar kuma tana kunne. Ƙwaƙwalwata ta mutu murus, kuma har yau ba wanda ya ce mini sannu.

Washegari Mma ta tsaya a tsakiyar layi da hannunta a naɗe tana kiran maƙwabta, "Ku fito ku ga maye! Ya dafa tukunyar mayu a kicin, ya dasa wa jikata bam!" Ta watso mini wayoyi da fankoki a tsakar gida, ta tari tasi suka tafi. Boipelo ko kallona ba ta yi ba. Na kira har na gaji, saƙo ɗaya ta turo wai in yi abin da Mma ta ce. Ƙarshen watan nan za a fito da Warona daga ɗaki a nuna ta ga dangi, an ce a can za a yi, da ni ko ba ni.

Wa ya aike ta taɓa abin da ba nata ba? Yaya zan dawo da matata da 'yata ba tare da na sunkuyar wa wannan tsohuwa da kai ba?

Wanda Aka Zalunta, Soshanguve

*

Wanda Aka Zalunta,

Zan fara da inda kake da gaskiya, don ba shi da tsawo. Kiran ka maye a tsakiyar layi ba daidai ba ne, kuma kalma ce mai haɗari a unguwa. Watsar maka da kaya ma haka. Sana'ar hannunka ba abin raini ba ce, na kuma san akwai ciwo mutum ya zama baƙo a gidansa yana leƙen 'yarsa daga bakin ƙofa. Sannu da rashin ƙwaƙwalwarka, tunda ka ce ba wanda ya faɗa maka.

Yanzu sauran. Ka ce kowa ya san ba a rufe filas. Wane kowa? Kai da Hennie. A gidanka akwai mace ɗaya da aikinta daga safe zuwa yamma shi ne ta tabbatar filas ɗin mai jego yana rufe da zafinsa, kuma ita ce ba ka gaya wa ba, saboda kuna 'yar tsama. Ka zuba ruwa mai ƙona fata a jan filas irin na shayin matarka sak, ka ajiye a kicin, ka fita. Mma ba shisshigi ta yi ba, aikinta ta yi. Kana so tsohuwa mai goyon jariri ta tsaya nazarin ko hayaƙi sama ya yi ko ƙasa? Haba, ɗana.

Ka kuma daina ɗora wa Mma tafiyar nan ita kaɗai. Boipelo ba kaya ba ce da za a kwasa. Mace ce da ta tsince gilashi daga bargon 'yarta, sannan ta ji mijinta yana makokin kwamfuta. Da ƙafarta ta shiga tasin.

Ga abin yi. Tanki da duk abin da ya shafe shi su koma gonar Hennie a makon nan, can za ka riƙa wasanka. Na tambayi wata ma'aikaciyar jinya, ta ce ko filas bai fashe ba, iskar ruwan nan tana iya cinye numfashin ɗaki a rufe ba wanda ya ji wari, don haka ba ta da wurin zama a gidan jariri. Ɗaya jan filas ɗin ma ka jefar, kada Boipelo ta dawo ta gan shi. Sannan ka je wurin kawunka ka ba shi labarin yadda yake, ba yadda ka ba ni ba, ku tafi Hammanskraal tare kafin ranar fitar da Warona. Ka riƙe wa Mma bargo mai kyau. Kada ka je da bayanin yadda ruwa ke komawa iska. Ka ce mata kai ka bar filas ɗin a kan tebur, kai ne ba ka faɗa mata ba. Maganar maye ka bar wa kawunka, shi ya san lokacin da zai tayar da ita.

Za ta yi maka tatas a gaban mutane, ka shanye. In ta gama, ita ce za ta miƙo maka 'yarka, da hannun nan mai ɗinki. Ka kalli hannun da kyau kafin ka karɓa.

Allah ya ba Mma lafiya, ya raya Warona, ya mayar maka da iyalinka gida.

Anti Dikeledi