Wanda Ya Tone Injin Baba

Zuwa ga Yaya Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ƙane ga wansa, ina fatan wannan saƙo ya same ka lafiya a duk inda Allah ya ajiye ka. Inna tana gaishe ka, Hauwa da yara ma haka. Lambarka ta daɗe ba ta shiga, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa ke gani, ko wani cikin mutanenmu da ke wajen haƙar zinariya a arewa zai karanta maka.

Mun dawo gida daga Rusairis. Ƙofar zaure babu, gadaje babu, har tukwanen Inna an kwashe. Ban tsaya jimamin waɗannan ba, garken awaki na nufa.

Ka tuna ranar. Faɗa ya matso ƙauye, mu za mu tafi da Inna wajen Goggo a Rusairis, kai ka ce za ka tsaya ka ga abin da hali zai yi. Da azahar, lokacin da rana ta kora kowa cikin ɗaki, muka ciro injin lantarkin Baba mai juya dutsen wasa daga warsha, rumfar aikinsa. Ka shafe shi da giris, muka naɗe shi a leda da buhu, muka binne shi a ƙarƙashin turken awaki, muka watsa kashinsu a kai. Ni da kai ne kaɗai. Ko Hauwa ban gaya wa ba.

Na tona na same shi. Sai da na yi sujada a cikin garken nan. Amma da na ɗaga shi, Yaya, sai na ji ba nauyi. Injin da muka ɗauka mu biyu muna nishi, na cicciɓe shi ni kaɗai. Na kwance murfin, na tarar babu wayar jan ƙarfe ko ɗaya a cikinsa. An zare ta kaf.

Da ɓarawo ne irin waɗanda suka ɗauke ƙofa, da ya fasa shi da guduma ya yar da ɓawon a bakin hanya. Wannan ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya ya kwance, ya yanke wayar da tsabta, ya mayar da murfi ya ɗaure. Ya ƙara giris a kan sandar tsakiya don kada tsatsa ta ci ta. Ya naɗe, ya binne, ya mayar da turke. Ɓarawon da ke tausayin abin da ya sata, ban taɓa jin labarinsa ba.

Na kai shi Madani wajen wani tsohon usta, gwanin naɗin waya. Ya juya shi, ya leƙa ciki, ya ce irin wannan an daina yinsa, ƙarfensa ya fi na sababbin da ke kasuwa. Sannan ya dube ni ya ce wanda ya yi wannan aikin ya san injin, kuma yana da niyyar wata rana a sake tayar da shi. Tun daga Madani har Sinja ina cikin bas da injin tsakanin ƙafafuna, ina jin maganar tana yi mini yawo a ka.

Mutum nawa ne a ƙauyen nan suka san cikin injin Baba? Kai ne kake riƙe masa sukudireba tun ina rarrafe. Kai ya fara koya wa yadda ake ɗora kan sukudireban a jikin inji, a manna kunne a ƙotar. “Saurare shi tukuna, kafin ka taɓa shi,” haka yake cewa.

Na yi ƙoƙarin kawar da kai daga zuciyata, sai na ɗora zargin a kan Malam Idi maƙwabcinmu. Katangarsa ce ke kallon garken, kuma ya riga mu dawowa. Tun da muka iso yake aiko mana da kisra, wainar dawar nan, da miya, yana yawan tambayar yaya aikin warsha. Da can sai in ce kirki ne. Yanzu ina karɓar kwanon ina kallon hannunsa, ko zan ga tabon waya.

Usta ya naɗa sabuwar waya. Sauran aikin ni na yi a gida. Na jiƙa ɓawon da kananzir na kankare tsatsar da ƙasa ta saka masa, na sake boris biyun da sandar ke juyawa a cikinsu, don sun cije, na share fankar bayansa. Na kafa shi a kan guntun gungumen nan da Baba ke zama a kai, na ja bel zuwa dutsen wasa lauje. Sai na zauna jiran kahraba, don ka san wutar lantarkin nan, sai ta ga dama take zuwa.

Ranar da ta zo, na danna makunni. Ya yi gurnani, ya ɗan yi tari, sai ya kama. Murya ɗaya sak da ta da. Inna ta fito daga ɗaki ba takalmi, ta tsaya a bakin rumfa tana kallo. Ba ta ce komai a kan inji ba. Tambayata ta yi ko ka kira.

Ban gaya mata zancen waya ba, ba kuma zan gaya mata ba.

Yanzu dawa ta kusa isa yanka, mutane na kawo lauje da gatari. Muna samun na cefane, alhamdulillahi. Amma ka ga abin da al'amarin nan ya mayar da ni. Mutum ya miƙo laujensa yana yi mini barka da tashin inji, ni kuwa ina auna fara'arsa. A masallaci ina sahu ɗaya da mutanen da suka ɗauki gawar Baba, ina tunanin wanene a cikinsu ya leƙo mu ranar nan. Hauwa ta ce na zama kamar baƙo a garinmu. Gaskiyarta ce.

Da farko na yi fushi da kai ƙwarai. Na shirya maganganun da zan faɗa maka, masu zafi. Sai wata rana ina wasa lauje na tuna yadda muka bar ka: duk abin da ke aljihunka ka damƙa wa Inna a bakin mota. Saƙonka na ƙarshe cewa ka yi za ka kama hanyar arewa. Da me za ka kama ta?

Tun daga ranar addu'ata ta juya. In kai ne ka tone, to wayar nan ta zama kuɗin mota da ruwan sha, ta fitar da kai. In ba kai ba ne, to da hannu wofi ka shiga hanyar nan, kuma wannan ne tunanin da ba na iya ɗauka.

Saboda haka, ɗan'uwana, ba bayani nake nema ba, balle ban haƙuri. Rabinsa naka ne tun asali. Ka nemi wayar wani ka kira, ka ce mini, “Ni ne.” In ji shi da muryarka, in je in gaishe da Malam Idi da zuciya ɗaya, in kuma sami abin da zan amsa wa Inna.

Allah ya tsare ka daga sharrin rami da sharrin hanya. Allah ya jiƙan Baba, ya wanke mini zuciya daga zargin bayinsa. Ya Allah, ka sa yayana ne ya tone.

Ƙanenka,
Sani